Kakan da na sauko da shi daga intanet

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar walimar auren Ummi, kuma ko na yi niyyar mantawa, Barebarin Gombe ba za su bar ni ba. Har yau in na shiga kasuwa wani daga cikinsu ya hango ni, sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, "Jikanmu, ya gida?" Ni kuwa in zaro waya in kara a kunne kamar ana kirana.

Ni malamin makaranta ne, labarin ƙasa nake koyarwa a wata sakandare a Tudun Wada. Ina da wata cuta tun ina yaro, cutar bin diddigi. In na ji sunan unguwa sai na san wa ya fara zama a cikinta, in na ga tsohuwar rijiya sai na tambayi wanda ya haƙa. Mu Fulani ne, amma irin na gari, waɗanda ba su da ko ɗan maraƙi, Fulatancin ma daga gaisuwa sai mu fara murmushi muna gyaɗa kai. Wataƙila shi ya sa maganar asali take sosa ni fiye da kowa a gidanmu.

Wanda ya ƙara ingiza ni shi ne Bappa, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe mu bayan rasuwar babanmu. Yana zaune a Kagarawal, ya tsufa amma bakinsa bai tsufa ba. Bappa bai taɓa ganin mahaifinsa ba, yana ciki aka yi rasuwar, can wajen Nafada inda danginmu suke kiwo a lokacin. Duk tsohon da ya tambaya kamannin babansa sai a ce masa, "Dogo ne, fari, mai hanci." (Wato an siffanta masa rabin Fulanin duniya.) Wata rana muna zaune a ƙofar gidansa, ya ga 'yarsa Ummi tana ɗaukar hoton farantin shinkafa da waya, sai ya girgiza kai ya ce, "Ku komai kuna da hotonsa, har abin da za ku ci. Ni ko kunnen babana ban san yadda yake ba." Da dariya ya faɗa, amma maganar ta tsaya mini a rai. A ranar na ƙudurta cewa sai na nemo wa Bappa fuskar mahaifinsa, ko a ina take.

Na fara da shafukan nan na intanet da ake haɗa bishiyar dangi. Na shiga da ƙarfina, shafi ya ce in rubuta ranar haihuwar kakana, da wata, da shekara. Na kira Bappa, ya ce an ce shekarar da fara ta cinye gero aka haife shi. Babu gurbin fara a shafin. Na rubuta sunansa kawai, Buba, na danna. Sai ga Bubobi sun zubo, wani a Amurka, wani a wata ƙasa da ban iya faɗin sunanta ba, har da wata mata Baturiya. Daga ƙarshe shafin ya ce in tofa yawu a kwalba in aika musu, su za su gaya mini asalina. Na ce yawuna dai yana nan Gombe.

Daga nan na gano inda daɗin yake, wato rumbunan da jami'o'in Turai suka zuba tsoffin takardu da hotunan zamanin mulkin mallaka, kowa ya shiga ya duba. Wallahi na ji daɗin wannan yawo. Na karanta yadda hedikwatar ƙasar Gombe ta tashi daga Gombe Abba ta koma Nafada kafin ta sauka inda muke yanzu. Na ga tsoffin taswirori da aka rubuta sunayen ƙauyukanmu da irin harafin wanda ya ji suna sau ɗaya daga bakin tafinta. Na ga rahoton wani jami'i yana ƙorafin cewa makiyaya suna ɓoye shanu in an zo ƙirga, na yi dariya na ce lallai na kusa gida. Na shiga zaurukan intanet na masu son tarihin jihar, inda kowa jikan sarki ne, ba ka taɓa jin wanda ya ce kakansa mai sayar da itace ne. Ɗalibaina ma sun shaida, domin sai in shiga aji da niyyar koyar da ruwan sama in ƙare da labarin fatake.

Ana cikin haka na ci karo da hoton. Wani mutum ne dogo, tsaye a gefen saniya, hannunsa ɗaya a kan tozonta. A ƙasa an rubuta da Turanci cewa mai shanu ne, kusa da Nafada. Babu suna, babu komai. A unguwarmu netwok sai an hau dakali an ɗaga waya sama, saboda haka babban hoton ya ƙi buɗewa, yana ta juyawa. Na gaji na ɗauki ƙaramin da ke gefe, wanda bai fi girman akwatin ashana ba. Dishi-dishi yake, kuma duk ya karce, layi-layi a sama, a jikin saniyar, a fuskar mutumin. Amma ni na riga na gama lissafina: ga Nafada, ga saniya, ga tsawo. Hancin ma da na ƙanƙance ido sai na ga kamar na Bappa.

Akwai wata manhaja da ake gyara tsoffin hotuna da ita, ka ba ta hoton da ya lalace ta goge karcen ta fito da fuska tas, har ta sa launi. Na ba ta. Kafin in kurɓi shayi ta miƙo mini wani kyakkyawan dattijo, fata sumul, ido farare, kamar jiya aka ɗauke shi a situdiyo. Na ruga na nuna wa matata, ta duba, ta ce, "Kyakkyawa ne. Wa ya ce maka shi ne?"

Na ce, "Bincike."

Ta ce, "To ai na ga ba suna."

Na yi mata bayani mai tsawo a kan yadda masana suke haɗa hujjoji. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da yankan alayyahu. (Ban so wannan addu'ar ba, na san irin muryar da take yin ta da ita.)

Na kai aka wanke hoton babba, aka sa masa firem mai ruwan zinariya. A hanya ina ta maimaita abin da zan ce: Bappa, ina kyautata zaton wannan shi ne, amma ba tabbas. Da na isa na tarar da shi a kan tabarma, na juyo da hoton, na ga yadda ya zuba masa ido, sai "ba tabbas" ta maƙale a wuya. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Bappa, ga Baba."

Ya karɓa da hannu biyu, ya goge gilashin da hannun rigarsa ko da yake babu ƙura. Ya daɗe yana kallo, sannan ya taɓa kunnensa, ya taɓa na hoton, ya ce, "Ashe nasa na ɗauko." Sai hawaye. Ban taɓa ganin Bappa yana kuka ba, ko ranar da aka binne yayansa daurewa ya yi. Ni ma na yi nawa, kuma a ƙasan kukan ina jin kaina yana ƙara girma. Ya ajiye hoton a falo, ba a ɗakin da yake nafila ba. Ranar Juma'a ya sa aka toya waina aka raba sadaka. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ja shi ya nuna masa, ya ce ɗan yayansa ne ya tono shi daga ƙasar Turawa.

A tsakanin nan aka sa ranar auren Ummi, autar Bappa, da wani yaron kirki mai suna Modu, Babarbare. Wanda bai san mu ba sai in gaya masa cewa Fulani da Barebari abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Kowa yana cewa ɗayan bawansa ne, kowa yana da labarin da zai kafa hujja da shi, kuma ba a fushi, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. To auren Bafulatana da Babarbare kuwa, filin daga ne. Jagorar rundunarsu wata gwaggon ango ce, Ya Falmata, tsohuwa mai lafaya da ƙamshin turaren wuta, ga tsagen gado zara-zara a kumatunta. Tun ranar kawo lefe ta addabe mu. Ta ce, "Fulata, mun zo ɗaukar baiwarmu. Ku da ba ku da gari, ina za mu ce mun samo ta? A gindin wace bishiya?" Matan gidanmu suka mayar mata iya ƙarfinsu, amma kowa ya san ita ta ci ranar.

Wannan "gindin wace bishiya" ta tsaya wa Bappa. Ya kira ni ya ce ranar walima in tashi in ba su tarihinmu, in nuna musu hoton, su san cewa tun kafin su iya ɗaura lafaya Turawa suke ɗaukar kakanninmu hoto. Na ce an gama. Na shirya bayani, na aro furojekta a makaranta, na ɗinka sabuwar shadda. Mai gabatarwa ya ce mini in taƙaita, na ce masa tarihi ba a taƙaita shi.

An yi walimar da yamma a wani ɗakin taro a GRA, maza a gefe, mata a gefe, an cika maƙil. Da aka kira ni na fito ina taku ɗai-ɗai. Na fara da taswira, na bi da labarin ƙaurar hedikwata, na ga mutane sun fara buɗe lemo. Sai na danna, fuskar dattijon ta cika bango. Nan take ɓangarenmu ya ɓarke da kabbara da guɗa. Na ce, "Wannan shi ne kakanmu Buba, mai shanu a Nafada, kakan amarya." Na saci kallon Bappa a sahun gaba, ya gyara zaman hularsa, yana kallon Barebari ɗaya bayan ɗaya.

Ya Falmata ta ɗaga hannu kamar 'yar aji. Aka miƙa mata makirfo.

"Malam, wannan kyakkyawan mutum, a ina ka saye shi? Na san Fulata, ko saniyar ma aro ce."

Aka yi dariya. Da ina da hankali da na yi dariya na wuce. Amma an taɓa mini bincike a gaban jama'a. Na ce, "Ya Falmata, mu ba ma magana sai da hujja. Bari in buɗe miki inda na samo shi, ki gani da idonki." Wani abokin ango ya ce, "Yes, Malam, show us the source!" Na haɗa waya da furojekta, na shiga shafin rumbun, na danna hoton.

Netwok na GRA ba irin na unguwarmu ba ne. Babban hoton da ya yi makonni yana ƙi na, ranar sai ya amsa. Ya fara sauka a bango daga sama, a hankali, ina tsaye a gefe ina bayanin cewa wannan shi ne na asali kafin in gyara, kada su damu da karce-karcen, tsufa ne. Sama ta fito da 'yan karcenta nan da can, kowanne ya nufi inda ya ga dama. Hula ta fito. Goshi ya fito, da wani layi guda a tsakiyarsa, miƙe sambal har kan hanci. Na ce a raina wannan karcen ya iya tafiya. Sai kumatu suka fito. Layuka ne a jere, dogaye, tazararsu ɗaya, na dama daidai da na hagu, kuma babu wanda ya tsallaka ya hau hula ko wuyan riga. Karce ba ya yin haka. Wanzami ne yake yin haka.

Na juya a hankali na kalli Ya Falmata. Abin da ke bango shi ne a fuskarta, layi da layi.

Ta miƙe tsaye. Ba ta yi sauri ba, sai da ta gyara lafayarta, ta tako har gaban bango, ta tsaya a gefen hoton ta juyo da kuncinta don kowa ya gwada. Sannan ta ce, "Jama'a, ku shaida. Ba mu muka faɗa ba, malaminsu ne, da na'ura, da hujja. Ashe kakan amarya namu ne. Kuma da ya ga tsagen sai ya goge don kada mu gane kayanmu!"

Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce, girgizar ƙasa ce. Wani dattijo a ɓangarensu ya zame daga kujera yana riƙe da ciki. Matansu suka ɗauki guɗa. Wani ya ce a mayar musu da sadaki tunda 'yar gida ce, wani ya ce a'a, a ƙara mana, ladan dawo da ɓatacce. Ango ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Ummi, amarya guda, ta cusa fuska a mayafi, kuma na san ba kuka take ba. Ni kuwa ina tsaye da makirfo, gumi ya jiƙa sabuwar shadda, ina ta danna waya don in rufe shafin, hoton sai ƙara girma yake har kunci ɗaya ya cika bango. Na ji bakina yana cewa, "Ai akwai cuɗanya tsakanin al'ummomi a wancan zamani." Wannan ma sai da aka tafa mini.

Duk wannan zan iya haɗiye shi. Abin da ya kashe mini jiki shi ne da na kalli sahun gaba. Bappa yana murmushi, domin a wasan Barebari ba a ɓata rai, har ya ɗaga wa Ya Falmata hannu alamar ta ci. Amma idonsa yana kan bango, kuma ba irin kallon da ya yi wa hoton a kan tabarma ba ne. A nan na gane girman abin da na yi. Ni na sha kunya a gaban mutane, shi kuwa uba na ba shi na kuma karɓe a gaban surukansa.

A mota matata ta kafa ido a kan titi har muka isa gida. Da ta yi magana ma da ya fi mini sauƙi.

Washegari da hantsi na tafi Kagarawal, niyyata in ba da haƙuri in ɗauke hoton in san inda zan jefa shi. Na tarar da Bappa a falo, hoton yana nan inda yake. Na durƙusa na fara jero ban haƙuri, ya katse ni.

"Ka zo ɗauke shi ne?"

Na ce e.

Ya ce, "Ka san abin da ya fi damuna? Da can in na ce Allah ya jiƙan Baba, ba na ganin kowa. Yanzu ina rufe ido sai wannan Babarbaren ya taho da saniyarsa. Na kore shi ya ƙi tafiya."

Na rasa ko dariya zan yi ko kuka, na sunkuyar da kai ina kallon tabarma.

Ya ce, "Bar shi. Tun da ka kawo shi nake yi masa addu'a bayan kowace salla, har waina ya ci. Wa ya sani ko ba shi da mai yi masa? Wataƙila nasa jikokin irinka ne, suna can suna neman wani a waya." Sannan ya ƙara da cewa, "Nawa uban, Allah ya san fuskarsa, ba sai na nuna masa hoto ba. Amma ka koma ka mayar wa bawan Allah da tsagensa. Iyayensa suka yi masa, ba ka da hurumin gogewa."

Haka na koma wajen mai wanke hoto da na asalin. Ya duba, ya dube ni, ya ce, "Malam, ba wannan ne kakan naka na kwanaki ba? Me ya same shi a fuska?" Na ce ya yi aikinsa kawai.

Na ci gaba da shiga rumbunan nan, cutar ba ta warke ba. Na nemi sunan mutumin har na gaji ban samu ba, kuma fuskar kakana har yau babu wanda ya san ta. A falon wani tsohon Bafulatani a Kagarawal kuwa akwai hoton Babarbare a firem mai ruwan zinariya, da tsagensa cif, yana shan addu'a safe da yamma. Abin da na koya shi ne, intanet ba ta taɓa ce mini ga kakanka ba, mai shanu kawai ta ce, ni na ƙarasa sauran saboda ina so. Yanzu in ɗalibi ya kawo mini abin da ya tono a waya yana rawar jiki, nakan ce masa ya jira hoton ya gama buɗewa tukuna, kuma ya fara nuna wa tsohuwa kafin ya nuna wa taro.